Kwamfutar Nicholas a Filin Allurar Shanu

A shekarar 1996, lokacin da kwamfuta ta fara leƙowa garuruwanmu, an yi wani saurayi a Kafanchan ana ce masa Nicholas. Kaduna ya je ya yi kwas na wata uku, ya dawo da satifiket mai gefen zinariya, da tabarau wanda ba na ciwon ido ba, da sabon suna da ya raɗa wa kansa da kansa, wato Injiniya. In ka kira shi Nicholas kawai, sai ya waiwaya ya duba ko da wani kake.

Yana da kawu a wani ƙauye kusa da Zonkwa, Baba Azariya, dattijo a ikilisiya, kuma ciyaman na ƙungiyar manoma da makiyaya ta wajen. Wasu masu taimako sun ba ƙungiyar kwamfuta da firinta, suka ce a riƙa ajiye bayanin shanun da ake yi wa allurar rigakafi duk shekara. Wata takwas kwamfutar tana zaune a ofis, an lulluɓe ta da zanen tebur, an ɗora mata furen roba. Duk wanda ya shiga sai ya rage murya, kamar ya tarar da baƙo yana barci.

Da Nicholas ya ji labari, ya hau bas ya sauka a taron kwamiti, ba wanda ya gayyace shi.

"Kawu, wa ke tsara muku mutane ranar allura?"

Azariya ya nuna matarsa, Mama Hulda, wadda ke gefe tana ɓarar gyaɗa. Shekara tara ita ke zama tsakanin makiyaya da malamin dabbobi, ba ta taɓa riƙe biro a wurin ba.

"Kafin azahar muke gamawa," in ji ta.

"Azahar." Nicholas ya cire tabarau ya goge da bakin riga. "A sistem ɗina kowane mutum daƙiƙa arba'in ne. Kafin ƙarfe goma kowa ya koma gida."

"Ka taɓa zuwa ruga, ɗana?"

"Mama, ba sai na je ba. Na san Fulani ciki da waje. Kullum nononsu nake sha a tashar jirgin ƙasa."

"To ko in nuna maka yadda nake yi?"

"Kada ki wahalar da kanki. Abin da za a daina, me zan koya a ciki?"

Hulda ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Malam Dalhatu, malamin dabbobi, wanda ba ya son dogon taro, ya ce shi maganarsa ɗaya ce. Maganin a kula yake zuwa daga Kafanchan cikin ƙanƙara, kuma ƙanƙarar ba ta wuce ƙarfe ɗaya na rana. In ta narke, maganin ya lalace, shanun wajen sai su shiga damina ba rigakafi.

Azariya ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Ka ji. In akwatin nan ya gama da mutane kafin ƙanƙara ta narke, aikin kwamfuta na ƙungiya naka ne, da ofis da kujera. In bai gama ba, ka san hanyar tasha."

"Kawu, a fara neman kujerar. Mai juyawa nake so."

Mako biyu Nicholas ya kulle kansa a ofis yana rubuta abin da kwamfuta za ta tambayi mutane. Tambaya goma sha biyu ya tsara, ba wadda za a tsallake, in an bar ɗaya ba amsa kwamfuta ta yi ƙara ta tsaya cik. Ya gwada a kansa sau talatin. Ya san sunansa, ya san ranar haihuwarsa, ya san lambar gidansu, shanunsa kuma sifiri ne. Daƙiƙa talatin da takwas yake gamawa. Ya gamsu ƙwarai da mutanen da za su yi amfani da abin, tunda duk talatin ɗin shi ne.

Ranar Talata da safe filin bayan makarantar firamare ya cika da shanu har bakin rafi. Nicholas ya kafa tebur a tsakiya, ya tada janareto, ya ɗaura lasifikar da ya aro daga zumuntar matan ikilisiya a jikin mangwaro. Dabararsa ita ce duk abin da ya shigar sai ya karanta da ƙarfi, don kowa ya tabbatar da bayaninsa a gaban jama'a.

Abin da bai lissafa ba ita ce rana. Tana fitowa ta daki fuskar kwamfutar, rubutu ya ɓace, sai fuskarsa kawai yake gani da tabarau. Ya ja zanen tebur ya lulluɓe kansa tare da kwamfutar, kamar masu ɗaukar hoto na da. Daga nan ƙarƙashi ya kira mutum na farko.

Baba Yuguda ne, tsohon da ya fi kowa garke a yankin. Ya zo ya tsaya da sandarsa a kafaɗa, ya yi sallama, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi sanyin safe.

"Suna," in ji murya daga cikin zane.

Yuguda ya dubi Hulda, wadda ta shimfiɗa tabarma a inuwa. "Da wa nake magana?"

"Da ci gaba," in ji ta. "Amsa masa."

Suna bai ba da wahala ba. Da aka zo ranar haihuwa, Yuguda ya ce shekarar da fari suka cinye dawar Samaru. Kwamfuta ta yi ƙara. Ya ƙara da cewa uwarsa ta ce ana cikin girbi ne. Ta sake ƙara. Nicholas ya zaɓa masa ɗaya ga Janairu, 1930.

"Adireshi."

"Na damina ko na rani?"

"Guri ɗaya ne a sistem."

"To ai mu biyu muke da shi."

Nicholas ya rubuta Daji, ya wuce. Minti goma sha huɗu sun tafi. Ya share zufa ya ce, "Shanu nawa?"

Waɗanda ke layi suka shiga duba ƙasa.

"'Yan kaɗan ne," in ji Yuguda a hankali. "Allah ya sa musu albarka."

"Baba, kaɗan ba lamba ba ce."

"Yaro, mu ba ma ƙirga su da baki a gaban mutane. Ƙanena ya taɓa yi, a watan nan biyu suka faɗa rami."

"Kwamfuta ba ta san rami ba. Lamba take so."

Yuguda ya ɗan yi tunani, ya ce, "Rubuta biyar."

Nicholas ya ɗauki makirfo. Murya ta fito daga jikin mangwaro har ƙetaren rafi: "Yuguda, an haife shi ɗaya ga Janairu, yana zaune a Daji, shanu biyar."

Garken Yuguda kuwa shi ya cika rabin filin. Malam Dalhatu ya zo da sirinji a hannu ya tsaya yana kallonsu. "Waɗanne biyar ɗin?"

"Zaɓi waɗanda suka yi maka," in ji Yuguda.

Na bayansa ya zo. Ba zai yiwu ya fi dattijo ba a bainar jama'a, ya ce huɗu. Na bayan wannan ya ce uku. Da aka kai mutum na shida, wani mai garke kusan na Yuguda ya rantse shi rakiya kawai ya zo. Ƙarfe goma sha ɗaya saura, kwamfuta ta tara shanu goma sha biyar, dukan masu su kuma an haife su ɗaya ga Janairu. Wani daga layi ya ce lalle ungozoma ta sha wahala ran nan.

Dalhatu ya buɗe kula ya leƙa, ya rufe da sauri. "Injiniya, ƙanƙara ta fara iyo."

"Malam, sistem yana ɗumama ne. Yanzu zai ɗau gudu."

Sai ga Nene, matar Yuguda, ta ajiye ƙwaryar nononta ta shigo layi, don tana da nata shanun. Nicholas ya danna inda aka rubuta mace, sabuwar tambaya ta fito.

"Sunan miji."

Nene ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Ga shi can yana jinka."

"Na gan shi, Mama. Faɗa za ki yi."

"Ai ka rubuta shi ɗazu."

"Doka ce, daga bakinki za a ji. To, in ya yi miki wuya akwai wata hanya, na yi tanadinta." Ya ɗaga murya don a ji tanadin. "Sunan ɗanki na fari."

Matan da ke bayanta suka kwashe da dariya, wata har da zama a ƙasa. Shekara talatin da biyar Nene ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba, na ɗan fari kuwa ko a mafarki. Ta juya ga Hulda ta ce, "Akwatin nan ba shi da uwa ne?"

"Maraya ne," in ji Hulda. "Yaron nan ne ya rene shi."

Nicholas ya buga sunan Yuguda da kansa. Kwamfuta ta yi wata doguwar ƙara, ta ƙi gaba. Ya karanta abin da ta rubuta, ya fassara ta makirfo: an riga an shigar da shanun gidan nan, don shanun gida na maigida ne.

Nene ta sauke mayafin daga bakinta. "Ya ce me? Shanun da ubana ya ba ni tun ina budurwa? Wa ya gaya masa?"

"Haka na tsara shi."

"Kai wa ya gaya maka?"

Nicholas ya shige ƙarƙashin zane, aka ji yana ta ƙwanƙwasa. Bayan minti ashirin ya fito yana murmushi.

"Jama'a, an gyara. Daga yanzu kowace saniya da sunan ainihin mai ita za a shigar. Baba Yuguda, dawo mu sake. A garkenka akwai wadda ba taka ba?"

Yuguda mutum ne da ba ya ƙarya in an tambaye shi kai tsaye, shi ya sa shekara huɗu ba wanda ya tambaye shi. Ya saci kallon Azariya. Azariya yana ta yi masa alama da gira, amma tsohon ya gaji da tsayuwa.

"Jan san can, da farar karsanar da ke kusa da shi, kiwo aka ba ni. Na ciyaman ne."

Kafin Azariya ya tashi daga benci, mangwaro ya riga ya yi shela: "Azariya, jan sa ɗaya, farar karsana ɗaya."

To, shekara huɗu da suka wuce, da ikilisiya za ta buɗe sabon gini, dattawa sun roƙi Azariya sa guda don baƙi. Ya tsaya a gabansu da idanu jajaye ya ce ciwon huhu ya kashe masa duka biyun a mako ɗaya. Har addu'ar ta'aziyya aka je aka yi masa a gida. Rabin waɗanda suka yi addu'ar suna filin nan, sun zo kallon kwamfuta.

Hulda ta taso ta zagaya jan san, ta shafa tozonsa. "Baban yara, ashe tashin matattu daga shanu aka fara. Ga shi har ya yi ƙiba."

"Hulda, mu yi maganar nan a gida."

"Me za mu ce a gida? Tun makon da ka kai su na sani. Ina jira ne in ga wace Lahadi za ka ba da shaida."

Azariya ya duba hagu da dama yana neman inda zai raba nauyin. "To, tunda ranar gaskiya ce, Nene, a naki garken fa? Duk naki ne?"

Wani tari ya kama Hulda nan take. Nene ta ɗaga kai tana kallon sama. "Yau Hausa ta ɓace mini," in ji ta.

Nicholas ya ga magana na neman barin kwamfuta, shi kuwa ba ya son a manta da wanda ya kawo ci gaba. Ya ce kowa ya saurara, yanzu za a ga bayanin a takarda, baƙi a kan fari. Ya ajiye makirfo a jikin firinta, ya danna.

Irin tsohuwar firintar nan ce, mai kuka kamar ana fige zabuwa da rai. Makirfo ya ɗauki kukan ya miƙa wa lasifika, lasifika ta watsa wa shanu ɗari uku da ba su taɓa jin irinsa ba. Maruƙa suka fara, iyaye suka bi. Masu kallo suka haye katangar makaranta, dattawan ikilisiya a gaba. Jan san Azariya ya bi ta tsakanin tebur da janareto, ƙahonsa ya ɗauki waya, ya ja doguwar takardar firinta tana binsa kamar rawani ya warware. Janareto ya yi tari biyu ya mutu.

Nicholas ya rungume kwamfutar yana zaune a ƙasa, zanen tebur a kansa. Fuskarta ta yi baƙi ƙirin.

"Bayanin yana ciki dai ko?" in ji Dalhatu.

"Sai an gama da mutum na ƙarshe sistem yake ajiyewa."

"To yanzu me ke ciki?"

"Tsarin yana nan lafiya."

Yuguda ya fita bakin fili, ya sa hannu a kunne ya yi kira, yana ambaton shanun ɗaya bayan ɗaya da sunayen da shi da su kaɗai suka sani. Suka tsaya, suka juyo, suka dawo suna huci. Sauran makiyaya suka yi haka. Ƙarfe sha biyu ta gota.

Dalhatu ya girgiza kula, aka ji ruwa. "Mama, minti arba'in, in an yi sa'a."

Hulda ta aika aka karɓo ƙwarya biyu da faifai daga wurin masu nono, ta sa aka ɗebo masara a gidan hedimasta. Ta zauna a tabarma ta lulluɓe ƙwaryoyin da zane, ɗaya cike da masara, ɗaya ba komai. Ba ta kira sunan kowa ba. "Mai farar malfa, an wuni lafiya? Bismilla." Mutum ya durƙusa ya sa hannu ƙarƙashin zane, ya ɗebi masara yana jefawa a ɗaya ƙwaryar, ƙwaya ɗaya saniya ɗaya, ba mai gani, ba mai ji. Ta rufe da faifai ta miƙa wa Dalhatu, shi kaɗai zai leƙa ya san yawan maganin da zai ja. Ya juye, na gaba ya durƙusa. Wanda ya ce rakiya ya zo, shi ya fi kowa daɗewa a ƙarƙashin zanen.

Aka rasa mai riƙe wutsiya, Dalhatu ya ce Injiniya ya taimaka. Ya riƙe ta saniya ɗari da wani abu, aka taka shi sau biyu, wata kuma ta yi masa abin da shanu ke yi a kan takalmi. Ƙarfe ɗaya da 'yan mintoci aka soka wa ta ƙarshe. Ƙanƙarar da ta rage a kula ba ta kai goro ba.

A nan gindin mangwaro kwamiti ya zauna. Azariya, wanda dattawa suka riga suka sanar da shi cewa jan sa zai halarci godiyar girbi ta bana, bai ɓata lokaci ba.

"Akwati bai gama ba. Ba ofis, ba kujera. Ka gaida uwarka."

Nicholas ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ya dubi ƙwaryar, ya dubi Hulda. "Mama, me ya sa kike gaishe su ɗaya ɗaya, alhali lokaci na ƙurewa?"

"Wanda aka gaisar ba ya ɓata maka lokaci da gardama." Ta kakkaɓe zanen. "Tun safe wannan ce tambayar da ka yi da kanka, sauran duk aike ne."

Yuguda ya sa baki. Ya ce yaron ba mugu ba ne, kuma ya iya riƙe wutsiya. A ba shi aron yaron damina ɗaya, ya riƙa ɗaukar wa Malam Dalhatu kula zuwa rugage, ya zauna inda aka ce ya zauna, ya ci abin da aka ba shi. In ya dawo sai ya koya wa akwatin abin da ya gani, a sake duba maganar kujera. Nene ta ce ta yarda, amma a bar akwatin a gida har sai ya yi hankali. Kwamiti ya amince, Azariya kaɗai ya ƙi ɗaga hannu.

Washegari da hantsi aka ga Nicholas a teburin mai shayi a Kafanchan, mutane sun kewaye shi. An ƙara masa girma, in ji shi, an tura shi binciken fili. Ban da haka ya gano wani sabon sistem wanda ba ya bukatar wuta ko janareto, yana ɓoye sirrin mai amfani da shi ɗari bisa ɗari, ko a Kaduna ba su kai nan ba. Ya ciro ƙwarya biyu da faifai daga jaka, ya nemi a ba shi masara ya nuna musu.

Labari ya kai wa Hulda kafin Lahadi. Ta ce madalla, Allah ya ƙara basira. Sai dai a gaya wa Injiniya mai nono tana ta zuwa neman ƙwaryarta, ya dawo da sistem ɗin kafin ranar kasuwa, a wanke.